Kafin ka sayi rauta don sana'ar wayifai, ka duba wannan

Masu son fara sayar da bocan wayifai a unguwa ko hostel ɗin ɗalibai, tambayar da kowa ke yi wai nisan siginal ne, amma wallahi abin da zai haɗa ka faɗa da kwastoma daban yake. NEPA ta ɗauke wuta rauta ta mutu, wuta ta dawo yaro ya saka lambar bocansa sai ta ce masa wai yana ciki already, alhali wayarsa ko ɗigon data babu. Dalili shi ne rauta ta mutu ba ta samu damar aika saƙon Stop (mai cewa mutum ya fita) zuwa sabar RADIUS, wato kwamfutar da ke tantance boca da lissafin lokacin kowa, ba, ita kuma saba tana nan tana lissafin mutum yana kai, kuma bocan na mutum 1 ne.

In shagonka ƙarami ne rauta ɗaya, MikroTik irin hAP ac² da hotspot ɗinta na ciki (tsarin da ke karɓar lambar boca a cikin rautar kanta) ya ishe ka. Jerin waɗanda ke kai yana gogewa da zarar ta sake tashi, kuma keepalive ɗinta (duba ko waya tana nan) minti 2 ne tun daga kamfani, in waya ta ɓace za ta cire ta da kanta. Aibinta kawai lokacin da mutum ya ci kafin ɗaukewar wutar yana iya ɓacewa daga lissafi, wato ka yi kyauta ba da niyya ba.

User Manager, wato sabar RADIUS ta MikroTik ɗin kanta, ma yana da daɗi, sai dai lasisin Level 4 da yawancin ƙananan ke zuwa da shi mutum 20 kacal yake ɗauka a lokaci guda, duk da hotspot ɗin kansa yana kai 200. To ka ga in matattun sessions (waɗanda suka fita amma ana lissafin suna kai) suka cinye guraben nan ashirin ɗin masu kuɗi a hannu ne za su tsaya a waje.

Mai rauta uku ko huɗu a wurare daban shi ne FreeRADIUS (manhajar sabar RADIUS ta kyauta) ko masu sayar da billing a intanet ke wa amfani, kuma a nan matsalar ta fi tsanani. Kafin ka biya ka tambaye su: suna karɓar interim update, wato saƙon da rauta ke aikawa lokaci-lokaci cewa mutum yana nan? Ni nakan sa minti 5, duk wanda aka daina jin ɗuriyarsa na kamar minti 15 tsarin ya rufe shi da kansa. Ka tambaya ko saƙon Accounting-On, wanda rauta ke aikawa idan ta tashi, yana share tsofaffin sessions. In amsar mai sayarwa ita ce ka riƙa shiga kana gogewa da hannu, ko da radzap ne (abin goge session na FreeRADIUS), ka bar masa kayansa, ba za ka iya da ƙarfe 2 na dare ba.

Sannan ko wanne ka zaɓa ka haɗa da ƙaramin UPS mai 12V, kuɗinsa bai kai asarar kwastoma biyu da suka yi fushi ba.