Bakin kanal ko lambun shaƙatawa: ina ya fi dacewa ka taka sayyada a yammacin Landan?

Wanda ya zauna ɓangaren Ealing, ko Hanwell, Southall, Greenford da Northolt, zai gane abin da nake nufi, wuraren miƙe ƙafa sun yi yawa har mutum ya rasa wanne zai ɗauka, kuma a hoto duk kyau gare su. Sai ka je da ƙafarka ka ga wani taɓo ne har idon sawu, wani kuma ƙarar mota ba za ta bar ka ka ji kanka ba. Ni dai kafin in ce wa mutum je ka wuri kaza abu uku nake tambaya: da wa za ka tafi, wane irin takalmi gare ka, kuma in ka gaji a tsakiya ta ina za ka fita ka samu jirgi ko bas. Wannan na ukun shi mutane suka fi mantawa.

Bari in fara da wanda na fi so, wato bakin kanal ɗin Grand Union a Hanwell. Kanal dai korama ce da aka haƙa da hannu don jiragen dakon kaya, wannan ta taso daga Brentford a bakin kogin Thames har Birmingham, mil 137. Hanyar da ake bi a gefenta asalinta ta dawaki ce, su ne ke jan jiragen da igiya a da, shi ya sa za ka ga siririya ce kuma ta manne da ruwa. A Hanwell akwai ƙofofin ruwa guda 6 a jere tun 1794, kamar matakala, suna ɗaga jirgi wajen mita 16 a ɗan gajeren wuri. Wallahi in ka yi sa'a ka tarar da jirgi zai hau, tsaya ka kalla. Mutum zai sauko da wani ƙarfe mai kama da hannun injin niƙa ya murɗa, ka ji ruwa na ɓulɓulowa ta ƙasa, jirgin na tasowa a hankali a hankali har ya zo daidai da inda kake tsaye, sannan a jingina baya da ƙaton katakon ƙofar a tura da ƙafa. Kuma sai an maimaita haka a kowace ƙofa, babu gaggawa ko kaɗan a lamarin. Gefe guda ga doguwar katangar jan bulo ta tsohon asibitin masu taɓin hankali da aka buɗe 1831, in ka lura za ka ga wata ƙofa mai baka da aka toshe da bulo, ta nan jiragen gawayi ke shiga da kaya. Kana ƙara gaba sama kaɗan sai Three Bridges, aikin injiniya Brunel na 1859, inda titin mota ke sama, kanal a tsakiya, layin dogo a ƙasa, duk a wuri ɗaya.

Amma fa bakin kanal na da nasa. Hanyar ba faɗi, kuma kai da masu keke ne, a ƙa'idar hukumar Canal & River Trust mai kula da ita mai tafiya a ƙasa ne ke da fifiko, sai dai ba kowane mai keke ke tuna haka ba, musamman safe da yamma lokacin zuwa aiki da tashi. Babu shinge tsakaninka da ruwa a mafi yawan wurare, in da ƙaramin yaro kake to hannunsa ba zai bar naka ba har ku gama, kai ba hutu kenan. Fitila ma babu a yawancinta, ga shi a Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi a Landan. Wannan ba abin wasa ba ne, na taɓa yin lattin juyowa na ƙarasa da tocilan waya ina lalube ƙarƙashin gada, ban ƙara ba. Bayan gida kuwa kar ma ka sa rai, ka shirya tun daga gida.

In dogon zango kake so ba tare da hawa ko sauka ba, to reshen Paddington ne naka. Ya rabu da babban kanal a Bull's Bridge, ya bi ta Southall, Northolt, Greenford, Alperton har cikin gari, wajen kilomita 22, an buɗe shi 1801 kuma babu ƙofar ruwa ko ɗaya, shimfiɗe yake tas. Ga mai ciwon gwiwa ko wanda likita ya ce ya riƙa doguwar tafiya wannan ya yi. Gaskiyar magana dai wasu sassan bayan masana'antu da ɗakunan ajiye kaya ne kawai, ka yi minti ashirin ba abin kallo sai bango da shara a ruwa. Kar ka ce sai ka gama shi rana ɗaya, yanki za ka ɗauka, kuma tun kafin ka fita ka duba taswira ka san gadar da za ka hau ka fita, don wani lokacin tsakanin mafita da mafita da nisa.

Yanzu lambuna. Mai yara, ko mai tura keken jariri, ko wanda zai fita da dattijuwa, ni Northala Fields zan ce masa ba tare da dogon tunani ba. An buɗe shi 2008 a Northolt, kuma tsaunuka huɗun nan masu kama da an kife ƙwarya da ɓaraguzan gini aka tara su, ciki har da na tsohon filin ƙwallon Wembley da aka rushe. Mafi tsawon yana da hanya mai zagaye shi kamar dodon koɗi har ƙoli, ba ka jin hawan sosai, kana kaiwa sama ka hango bakan sabon Wembley da dogayen benayen tsakiyar gari. Akwai tafkuna, akwai wurin wasan yara, hanyoyin ba sa caɓewa. Matsalarsa ɗaya babban titin A40 na manne da shi, tsaunukan na tare ƙarar kaɗan amma a samansu kam za ka sha ta. Kuma ƙarami ne, mai son ya yi gumi zai zagaya ya zagaya har ya ƙosa.

Osterley Park kuma wani abu ne daban, tsohon gidan masu kuɗi ne da filinsa, yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da tsofaffin gidaje da wuraren tarihi, ga tafki ga manyan bishiyoyi ga shanu na kiwo kamar ba a Landan kake ba. Shiga filin kyauta ne, gidan da lambun furanni ne ake yankar tikiti, mai mota kuma zai biya kuɗin fakin in ba mamba ba ne. Akwai wurin shan shayi da bayan gida, wannan babban maki ne. Sai dai ana rufe ƙofa, ba wurin da za ka faɗa duk sa'ar da ka ga dama ba ne, kuma jiragen saman filin Heathrow na ta giftawa ga ƙugin titin M4. Horsenden Hill kusa da Perivale na masu ƙarfin ƙafa ne, tudu ne mai tsayin wajen mita 85, reshen Paddington na wucewa ta gindinsa, amma bayan ruwan sama ƙasar yumɓu ce mai kama takalmi, kar ka je da farin kambas.

To in ni za a tambaya, wanda zai fara yau ya haɗa biyun a tafiya ɗaya. Ka sauka tashar Hanwell ta layin jirgin ƙasa na Elizabeth, ka gangara Brent Lodge Park, wanda 'yan unguwa ke kira Bunny Park, akwai ɗan gidan namun daji a ciki. Nan za ka tsaya ƙarƙashin gadar dogo ta Wharncliffe mai baka 8, ita ma ta Brunel ce daga shekarun 1830, ka ɗaga kai ka ga jirgin da ka sauka daga irinsa yana wucewa can sama. Daga nan ka bi kogin Brent yana gangarawa, koren aku na ta ihu a bishiya, zalɓe na tsaye a ruwa ko motsi ba ya yi, har inda kogin ya haɗe da kanal daidai gindin ƙofofin nan shida. In ƙarfinka ya ƙare ka hau ka kalle su ka juyo, in da saura ka miƙe ƙasa ta Osterley Lock, ka iya fita ka kama layin Piccadilly a Boston Manor ko ka ƙarasa Brentford. Wannan sashen na cikin Capital Ring, zoben tafiya mai mil 78 da aka raba kashi 15 ya kewaye Landan, don haka akwai korayen alamomi a sanduna, ɓata da wuya. Abin kiyayewa kawai gefen Brent na cika da ruwa in an kwana ana zuba, ranar irin haka ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa, ko ka bari sai bayan kwana biyu ƙasa ta sha iska.