Tsakanin kwalaben wankin jini da likitan magana, ga wanda zan ce ki ɗauka

'Yar uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya raya miki ɗanki. Kin tambaya wanne za ki bi a kan lalurar galahanga (otizim) da yake da ita, tsarin abinci da kwalaben da aka turo miki ko likitan magana. Ki kai shi wajen likitan magana, amsata kenan kai tsaye. Wancan tsarin da aka turo miki na hana alkama da madara da shan kwalaben bitamin da wai wanke ƙarfe daga jini, ki ajiye shi gefe. Ba labari na ji ba, duka biyun na yi su a kan ɗana, kuma da wanda ake tallata miki ɗin na fara.

Shekararsa uku aka ce mana yana da lalurar galahanga, otizim kenan, ba ya cewa komai, in yana son abu sai dai ya kama hannuna ya ja ni har wajen abin ya ɗora hannun a kai. A wannan halin duk wanda ya ce miki zai warke za ki bi shi, kin san yadda zuciyar uwa take. Wata takwas muka yi a kan tsarin nan. Kwalba bakwai ce jere, wasu da safe wasu da dare, ina fasa ƙwaya ina damawa a cokali ina danne shi yana ihu. Yaron da dama abinci kala huɗu zuwa biyar kawai yake yarda da su, aka cire masa biyu a ciki, ya rame har wandonsa na zamewa. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne ya koma da ya hango ni da cokali sai ya gudu bayan ƙofa. Ni da nake neman ya matso kusa da ni, sai ga shi ni yake gudu. Magana kuwa ko kalma ɗaya ba ta ƙaru ba.

Iyakar adalcin da zan yi wa tsarin shi ne, in likita ya gwada ya ga yaro jikinsa ba ya karɓar alkama ko madara, ko jininsa ya yi ƙasa, to a gyara wannan zai ji daɗin jikinsa. Amma ba galahangar aka yi wa magani ba. An ma gwada maganar abincin a jami'ar Rochester ta Amurka, aka fitar da sakamakon a 2016: yara 14 aka ɗora a kan abinci mara alkama da madara, sai ake ba su wani ɗan abin taɓawa wanda wani lokacin akwai sinadarin alkamar ko na madarar a ciki wani lokacin babu, iyaye ba su san wanne aka ba yaro ba, masu lura ma ba su sani ba. Ba a ga bambanci a halayyar yaran ba. Yaran ba su da yawa, gaskiya ne, amma ya yi daidai da abin da na gani a gidana.

Yanzu bari in ba ki labarin ɗayan. Ranar farko da muka je wajen likitar magana, matar ba ta ma taɓa shi ba, cewa ta yi in zauna a ƙasa in yi wasa da shi yadda na saba, ta ɗauke mu bidiyo na ɗan lokaci a waya sannan ta kunna mini. Wallahi sai da na yi hawaye. Ashe ni ba na barin shi ya numfasa, mene ne wannan, ce mota, ce mama, kalle ni, kalle ni, tambaya kan tambaya, shi kuma ya juya mini baya yana ta jera murafan kwalba a layi. Ta tsayar da bidiyon a wani waje ta ce kin ga nan? Ya ɗago ya saci kallonki, ke kuma kina can kina neman wani abin wasan. Ta ce ki daina jan shi zuwa naki wasan, ki shiga nasa, in yana jera murafai ke ma ki jera, ki rage surutu, in kin faɗi kalma ɗaya ki yi shiru ki ƙirga goma a ranki.

Shirun nan ya fi komai wuya. Amma na yi, kullum bayan wanka da lokacin cin abinci da kafin barci. Wajen sati na bakwai muna zaune muna jera murafai na riƙe na ƙarshe a tafin hannuna ban ba shi ba, ban ce komai ba. Ya ja hannun, na yi shiru. Ya ƙara ja. Sai ya ɗago ya kalli tsakiyar idona, ba gefen fuskata ba, ya ce "ba". Wato "ba ni" yake son cewa. Na miƙa masa jikina na rawa. Daga nan aka haɗa mana katunan hotuna, na ruwa, na banɗaki, na fita waje, ya koyi ɗauko kati ya miƙo maimakon ya faɗi ƙasa yana buga kai, kuma kukan nan na awa guda ya ragu sosai tunda yanzu yana da hanyar faɗin abin da yake so. Kar ki ji tsoron wai kati zai hana shi magana, nawa da katin bakinsa ya fara buɗewa. Yau shekararsa bakwai, yana haɗa gajerun jimloli, yana zuwa makaranta. Bai warke ba, har yanzu ƙara mai ƙarfi na rikita shi kuma in aka canza masa tsari ran nan sai haƙuri, kuma matar tun farko ta gaya mini ba ta yi mini alkawarin warkewa ba, ba kuma kowane yaro ne ke yin magana da baki ba. Wannan gaskiyar da ta faɗa mini ce ta sa na yarda da ita.

Irin wannan koyar da iyaye ta bidiyo an gwada shi a Ingila a kan yara 152 'yan shekara 2 zuwa 4, aka buga a mujallar Lancet a 2010, aka sake bibiyar yaran bayan kusan shekara shida aka ga waɗanda iyayensu suka samu horon alamun lalurar sun fi sauƙi a kansu. Ba wani sauyi na dare ɗaya ba ne, amma ya ɗore.

Ba ki tambaye ni wannan ba amma dole in faɗa miki, ki yi hankali da masu sayarwar nan. Wanda na saya a wajensa ya sa an yi wa ɗana gwajin fitsari ya nuno mini takarda da jan layi wai zaiba da dalma sun cika masa jiki. Sai daga baya likitan yara ta tambaye ni, an ba shi wata ƙwaya kafin a ɗebi fitsarin? Na ce eh. Ta ce wannan ƙwayar aikinta kenan ta jawo ƙarfe cikin fitsari, ko wa aka ba lambar za ta hau, sai su gwada ta da ma'aunin wanda bai sha komai ba su tsorata ki. Allah ya taimake ni ban kai ga yin wankin ba. Maganin wanke ƙarfe na wanda aka tabbatar ya sha gubar dalma ne, a asibiti ake yi ana sa ido, domin yana iya tafiya da kalsiyam ɗin jini ya taɓa ƙoda da hanta. A 2005 wani yaro ɗan shekara 5 mai galahanga ya rasu a jihar Pensilbaniya ana cikin yi masa ta jijiya, zuciyarsa ce ta tsaya. A 2008 cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka ta fasa gwajin da ta shirya yi a kan yara saboda hatsarin ya fi amfanin da ake zato.

Wanda ya fi muni shi ne ruwan da suke kira MMS. Bilic ne, sinadarin da ake wanke kaya da shi a masana'anta, ana ɗiga wa yaro a baki ko a yi masa ta dubura, in ya yi amai da gudawa su ce dattin ne ke fita, in fatar hanjinsa ta saɓule ta fito su ce tsutsa ce. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2010 ta sake yi a 2019, a 2023 kuma kotu a Fulorida ta ɗaure wasu masu haɗa shi. Dan Allah ko kyauta aka ba ki kar ya shiga gidanki. Akwatin iskar oksijin ma da suke sa yara a ciki ba a tabbatar yana yi wa galahanga komai ba, sai dai ciwon kunne. Duk wanda shi ne mai gwaji shi ne mai sayar da magani, ko ya ce kar ki gaya wa likitanku, ko ya ce in yaro ya ƙara rikicewa alamar magani na aiki ne, ki toshe lambarsa.

Ba ina cewa a guji magani gaba ɗaya ba. Yaran nan da yawa suna fama da rashin barci da taurin bayan gida, wasu da farfaɗiya, kuma yaron da cikinsa ke ciwo bai iya faɗa ba dole ya yi ta duka da cizo. Nawa da aka magance masa taurin cikin, likita kuma ta rubuta masa melatonin na barci, gidan gaba ɗaya ya samu sauƙi. Amma likitan yara ne zai duba ya rubuta, ba mai talla a Facebook ba.

Ki fara da gwajin ji in ba a yi masa ba, sannan ki nemi likitan magana wanda zai bar ki ki zauna a ɗakin ya koya miki, tunda shi awa ɗaya zai gan shi ke ce kike tare da shi sauran satin. In layi ya yi tsawo, Hukumar Lafiya ta Duniya tana da darasin horar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9 kyauta a intanet, ki fara da shi kafin lokacinku ya zo. In kuma kin riga kin sayi wasu kwalaben, ki zuba su a jaka ki tafi da su ranar ganin likita ta karanta abin da ke jikinsu ɗaya bayan ɗaya, musamman masu bitamin B6 da yawa, shi in ya wuce ƙima yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa.