Insular ko narrow-minded: wacce za ka ɗauka?

Masu koyon Ingilishi nan Damagaram sun ishe ni da tambaya: in mutum kansa a kulle yake, insular za a ce ko narrow-minded?

Insular daga Latin ta fito, insula, wato tsibiri. Asalinta abin da ya shafi tsibiri ne, amma yau an fi jifan al'umma da ita, wadda ta rufe ƙofa kamar ruwa ya kewaye ta, ba ruwanta da na waje. Ga tarkon: mu 'yan lakol mun saba da insulaire ta Faransanci, mazaunin tsibiri. Ka ce wa ɗan Ingila insular da wannan nufin, sai ka ga fuskarsa ta canza, shi zagi ya ji.

Narrow-minded kuwa fuska ɗaya gare ta, kowa ya ji ya gane. Sai dai kaifi, kai tsaye take sukar mutum.

Mai rubuta jarrabawa ko maƙala kan wani gari ko ƙungiya, insular ta fi masa. Wanda ke hira da baƙo a Kasuwar Dole, yana so a gane shi nan take, ya riƙe narrow-minded, muddin ba baƙon yake nufi ba.