Na kai ɗana kallon wasan kwano, muka tarar kujeru sun fi mutane yawa

Shekara shida ke nan ina aiki a wata jami'a da ke tsakiyar Amurka. Ɗana, mai shekara goma sha ɗaya, ya kamu da son ƙwallon Amurkawa, wadda ake rungumar ƙwallo mai siffar gwanda a ruga da ita, ba tamaular da muka sani ba. Duk Asabar ɗin da ƙungiyar jami'armu ke wasa a gida, garin kan cika ba masaka tsinke, tun da hantsi ake gashin nama a bakin motoci. Da ƙungiyar ta ci wasa bakwai cikin goma sha biyu aka gayyace ta wasan ƙarshen shekara a wani birni na kudu, sai na ce masa za mu je. Alkawari kaya ne, muka je. Ga abin da na saya, ga kuma abin da na samu.

Irin wannan wasa su suna ce masa bowl, wato kwano, saboda siffar filin Rose Bowl da ke Pasadena a jihar Kalifoniya. A garin aka fara shi a 1902, Michigan ta lallasa Stanford 49 da nema. Manufar tun asali ita ce a jawo mutanen da sanyi ya takura su zo gari mai ɗumi, su kwana a otal, su kashe kuɗi, su yi kallo. Wato don matafiyi aka ƙirƙiro abin. Wannan ne ya sa abin da na gani ya dame ni.

Sai Lahadin farko-farkon Disamba ake sanar da wace ƙungiya za ta je ina. Namu wasan ya faɗo ranar aiki, da rana tsaka, 'yan kwanaki kafin Kirsimeti. Mako biyu kacal muke da shi, kuɗin jirgi kuwa a wannan lokacin ba a magana. Muka ɗauki mota, tafiyar awa goma sha ɗaya. Tikiti na saya daga ofishin jami'a, dala 75 kowanne, a wata kusurwa nesa da tsakiyar fili. Da safen ranar wasa na buɗe manhajar da mutane ke sayar da tikitin da ba sa so, sai ga kujeru a daidai tsakiya ana neman mai saye a dala 15. Ajiye mota kaɗai ya ci dala 40. Raina ya ɓaci, ba don kuɗin kawai ba, sai don wanda ya nuna kishin makarantarsa ya saya da wuri shi ne ya biya da tsada kuma ya zauna a baya.

Wani dattijo da ke zaune kusa da mu, tsohon ɗalibin jami'ar, shi ya warware mini. Ya ce al'adar wasannin ita ce a ɗora wa kowace jami'a dubban tikiti a kan cikakken farashi, ta sayar ko kada ta sayar, ita ta sani. Daga baya na duba wani misali da ya ba ni: Jami'ar Connecticut ta je Fiesta Bowl a Janairun 2011 da nauyin tikiti 17,500, ba ta sayar da ko dubu uku ba, ta tashi da asarar kusan dala miliyan 1.8. Idan masu shirya wasa sun riga sun karɓi kuɗin kujera, zaman mutum a kanta bai zama dole a wurinsu ba.

Filin da muka shiga zai ɗauki mutum wajen dubu sittin. Benen sama gaba ɗaya an lulluɓe shi da manyan tamfol masu ɗauke da tallace-tallace. A ƙasa ma, idan ka bar tsakiya, layi guda za ka ga mutum uku ko huɗu. Ɗana ya tsaya a bakin matakala yana waige-waige, riƙe da tutar da ya kwana yana yi wa fenti, ya ce, "Baba, ko mun yi sammako ne? Ina mutanen?" Saura minti goma a fara. Can wajen ƙarshe aka sanar da yawan 'yan kallo ta lasifika, adadin ya ninka abin da idona ya gani. Dattijon ya ce tikitin da aka raba ake ƙirgawa, ba ƙafafun da suka shigo ba.

Abin da ya fi buɗe mini ido shi ne wani mutum mai jar hula. Da an ɗan yi wasa sai ya shigo fili ya tsaya riƙe da agogo mai manyan lambobi, kowa ya dakata. 'Yan wasa na tsaye hannu a ƙugu, alƙalai na hira, mu muna rawar ɗari a kan kujerar ƙarfe, domin kudun ma ranar ba ta yi ɗumi ba. Ɗana ya tambaya ko shi ne babban alƙali. A'a, ma'aikacin talabijin ne, shi ke riƙe wasa har a gama talla a gidajen mutane. Bai fita ba, ba a ci gaba. Wasan minti sittin ya kai mu awa uku da rabi. A nan na gane cewa wasan na mai zaune a falo ne, mu da muka yi tafiyar awa goma sha ɗaya ado ne a bayan hoto. Ranar aiki da rana tsaka ba lokacin 'yan kallo ba ne, lokaci ne da tashar ke da gurbi. Kamfanin talabijin na ESPN da kansa ya mallaki fiye da goma sha biyar daga cikin waɗannan wasanni, kuma miliyoyin mutane na kallon su a gida lokacin hutu, saboda haka ko filin ya zama wayam ciniki ya yi.

Sannan wasannin sun yi yawa. A shekarun 1990 wasannin kwano wajen ashirin ne, yanzu sun haura arba'in. Cikin manyan ƙungiyoyin jami'o'i sama da 130, fiye da 80 ne ke samun gayyata, kuma cin wasa shida cikin goma sha biyu ya isa. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A da zuwa irin wannan wasa lada ne na shekara mai kyau, tsofaffin ɗalibai su yi ta tanadi don shi. Yanzu ƙungiyar da ta sha kashi rabin wasanninta ma tana zuwa, wa zai ɗauki hutu a wurin aiki don ya raka ta? Ga kuma gasar fitar da zakara da aka fara a 2014 da ƙungiyoyi huɗu, aka faɗaɗa ta zuwa goma sha biyu a 2024. Hankalin kowa ya koma can, sauran wasannin suka zama kamar na sada zumunta.

Wanda ya fi yi wa ɗana ciwo daban ne. Rigar da ya sa tana ɗauke da lambar ɗan wasan da ya fi so, mai saurin gudu, wanda hotonsa ke manne a bangon ɗakinsa. Muka yi ta neman lambar a fili ba mu gani ba. Can muka hango shi a gefe cikin doguwar rigar sanyi, hannu a aljihu. Ya janye daga wasan don ya shirya shiga NFL, babbar gasar ƙwararru. An sanar da haka ne bayan mun riga mun sayi tikiti.

Ban ga laifin yaron ba, kuma haka na gaya wa ɗana. A ranar 1 ga Janairun 2016 Jaylon Smith na Notre Dame ya ji mummunan rauni a gwiwa a Fiesta Bowl. Ana sa ran a ɗauke shi cikin na farko-farko a zaɓen sabbin 'yan wasa na NFL, sai ya faɗo zagaye na biyu, miliyoyin daloli suka kuɓuce masa. Ƙarshen wannan shekarar Christian McCaffrey na Stanford da Leonard Fournette na Jami'ar Jihar Louisiana suka ƙi buga nasu wasannin, duk biyun kuma aka ɗauke su cikin goman farko a 2017. Tun daga nan ƙofa ta buɗe. Yaron da gidansu ke jiran albashinsa na farko, da wane baki za ka ce ya sa gwiwarsa a wasan da ba a cin kofin ƙasa da shi? Ga kuma tsarin sauya makaranta da aka sauƙaƙa tun 2018, wanda ya sa 'yan wasa da yawa ke tattara kayansu tun kafin wasan. A 2024 Jami'ar Marshall ta ci kofin rukuninta, kocinta ya tafi, 'yan wasa suka watse, dole ta janye daga Independence Bowl. A Disamban 2023 Florida State, wadda ba a ci ta ko sau ɗaya ba a kakar amma aka hana ta gurbi a gasar zakaru, ta je Orange Bowl babu manyan 'yan wasanta, Georgia ta ci ta 63 da 3. Wanda ya biya kuɗin jirgi don wannan wasa, badi zai yi tunani sau biyu. Mai saye ya sayi ƙungiyar da ya kalla tun Satumba, aka kawo masa wata.

Duk da haka ba zan ce kwalliya ba ta biya ko rabin kuɗin sabulu ba. Makaɗan badujala na jami'o'in biyu, ɗalibai ɗaruruwa, sun yi kiɗa lokacin hutun rabin lokaci kamar filin a cike yake, ba su rage komai ba. A gabanmu akwai wata mata da ta zo da 'yan'uwanta kusan goma, duk da riga iri ɗaya. Ɗanta ɗan shekarar ƙarshe ne, cikin ƙattan da ke tare gaba, waɗanda ba a kiran sunansu a lasifika, kuma ba wata NFL da ke jiran sa. Wasansa na ƙarshe ke nan a rayuwa. Da aka tashi ya cire hular kwano ya tako har bakin shinge, ita ta sunkuyo ta riƙe kansa da hannu biyu, suna kuka su duka. Ɗana ya miƙa masa tutarsa ya sa hannu a kai. Saboda filin ba cunkoso, babu wanda ya hana mu saukowa har layin gaba.

Ga ɗan'uwan da ke nan Amurka yake son ya kai iyalinsa, shawarata: idan wasan a garinku ake yi, ka je, amma ka dakata har kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ka sayi tikiti a hannun masu sayarwa, kuma ka duba sunayen waɗanda suka janye. Ka tafi da bargo da abincinka a mota, domin abin da za mu iya ci a ciki kaɗan ne kuma da tsada. Mu a wurin ajiye motoci muka haɗa azahar da la'asar kafin mu shiga, ba wanda ya dame mu. Idan kuwa sai ka yi doguwar tafiya, kuma wasan ba ya cikin gasar zakaru, gara ka riƙe kuɗinka zuwa Oktoba ka kalli wasan gida a harabar jami'a. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 107,000, kuma yana cika.

A hanyar dawowa ɗana ya yi barci da tutar a cinyarsa. Da ya farka wajen iyakar jiharmu, ya tambaye ni ko yaron da ya sa masa hannu zai sake bugawa. Na ce a'a. Ya yi shiru, sannan ya ce zai cire hoton da ke bangon ɗakinsa ya rataya tutar a wurin.