Dala 30 don gaida tsofaffin dawaki: ziyararmu gidan Old Friends a Kentaki

Da na gaya wa Baffa cewa kowannenmu zai biya dala 30 mu kalli dawakin da suka daina gudu, sai ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ɗana, tsohon doki ake biyan kuɗi a gani? Mu a can ai roƙon ka za a yi ka ɗauke shi." Baffa ƙanin mahaifina ne, ya fi shekara arba'in yana hawan sallah a tawagar hakimin garinmu, kuma aikin ido ne ya kawo shi wurina a Sinsinati ta Amurka cikin Oktoban 2023. Da ido ya buɗe sai zaman ɗaki ya ishe shi, kullum yana bakin taga yana ƙirga motoci. Na ce bari in kai shi inda zai shaƙi warin barga ko ya sami sa'ida.

Daga gidana zuwa Jojtawun ta jihar Kentaki tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce a mota, kudu sak. Old Friends, gidan kula da tsofaffin dawakin sukuwa, a bayan gari yake, kusa da Leksintin, yankin da duk inda ka waiga shingen katako ne da ciyawa shar da dawaki. Sai ka kama gurbi tun kafin ranar, ta intanet ko ta waya, kuma ka zo da motarka. Zagayen kusan awa ɗaya da rabi ne, a ƙafa, tare da mai rakiya ɗauke da bokitin yankakken karas. Ni na yi wautar sa takalmin zuwa masallacin Juma'a bayan an kwana ana ruwa, na dawo da shi kamar na ɗan kwadagon tuɓali. Wannan laifina ne ni kaɗai.

Matar da ta zagaya da mu dattijuwa ce, aikin sa kai take yi, ba a biyanta ko sisi. Ta fara da labarin da ya haifi wurin, ina fassara wa Baffa a kunne. Wani ingarma mai suna Ferdinand ya cinye gasar Kentucky Derby a 1986, da mahayinsa Bill Shoemaker yana ɗan shekara 54. A 1987 aka zaɓe shi dokin shekara na Amurka, kuma abin da ya ciwo a sukuwa ya haura dala miliyan 3. Da aka mai da shi barbara 'ya'yansa ba su yi abin kirki ba, sai aka sayar da shi Japan a 1994. A 2003 labari ya fito cewa tun 2002 ba ya duniya, kuma dukkan alamu sun nuna a mayanka ya ƙare. A wannan shekara ta 2003 ne Michael Blowen, wanda a da sharhin finafinai yake rubuta wa jaridar Boston Globe, ya buɗe Old Friends da ɗan fili na haya da dawaki ƙalilan. Yanzu dawakin da ke hannunsu sun haura 200.

Baffa bai ce komai ba sai da muka wuce shinge biyu. Sannan ya ce a hankali, "Ashe su ma suna yi."

Wanda kowa ya zo gani shi ne Silver Charm, kili ne da tsufa ya mai da shi fari fat. An haife shi a 1994, ke nan shekararsa 29 ranar da muka gan shi. Ya ci Derby da gasar Preakness a 1997, ya je Dubai ya ɗauko kofin duniya a 1998, kuɗin da ya tara sun kusa dala miliyan 7. Shi ma Japan aka kai shi barbara, amma masu shi na Amurka ba su sake shi haka kawai ba, da ya gama aiki aka dawo da shi nan a Disambar 2014. Yana can ƙarshen filinsa yana kiwo lokacin da muka iso. Da ya ji ƙarar bokiti ya ɗago kai, ya tsaya kamar mai shawara da zuciyarsa, sannan ya taho da sassarfa, geza na kaɗawa. Bayansa ya ɗan lotsa, kwarmin saman idonsa ya zurfafa, amma gashin jikinsa sumul, haƙarƙari ko ɗaya ba a gani. Aka ce a ba shi abinci mai laushi saboda haƙora sun tafi, a buɗe tafin hannu, kada a dunƙule yatsu.

Nan na ga abin da ya biya ni kuɗina. Baffa ya naɗe hannun rigarsa, ya miƙa tafi, ya yi wannan 'yar ƙarar da 'yan barga ke yi da harshe. Dokin ya sunkuyo ya lashe abin da ke hannun, sannan ya ƙi tafiya, ya tsaya yana shinshinar hular Baffa. Baffa kuwa ba fuskar yake kallo ba, ƙafafu yake bi da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Dubi kofaton nan. Ba a yi wata biyu da gyara shi ba. Wanda ke yanke wa tsohon doki kofato a kan lokaci, ba don idon baƙi yake yi ba." Ni da na zo da niyyar duba tsabtar wuri da ladabin ma'aikata, sai na ga ashe ban san inda ake dubawa ba.

Ba nisa da shi akwai Touch Gold, dokin da ya sha gabansa a 'yan takun ƙarshe na gasar Belmont a 1997, ya hana shi haɗa manyan kofuna uku na shekarar. Ranar da muka je ga su maƙwabta, kowa da filinsa, domin ingarmu ba a haɗa su wuri guda. Mun ga Game On Dude da ya ci babbar gasar Santa Anita sau uku, da Lava Man wanda aka taɓa saye dala 50,000 ya zo ya ciwo sama da miliyan 5. Waɗannan biyun dandaƙaƙƙu ne, kuma a wannan harka dandaƙaƙƙen doki ya fi kowa shiga haɗari, don ranar da gudu ya ƙare ba shi da wata sana'a. Akwai kuma maƙabartarsu da alluna ɗauke da sunaye, ciki har da War Emblem, wanda wani yariman Saudiyya ya saya 'yan makonni kafin ya ci Derby ta 2002. Baffa ya ɗan yamutsa fuska a nan, ya ce binne dabba da allo ya yi masa yawa. Ban ja da shi ba.

Batun kuɗi shi ne abin da na fi so in gane, don haka na tsare matar da tambaya. Dokin sukuwa yakan fara gudu yana ɗan shekara biyu, Derby ma ta 'yan shekara uku ce kawai, kuma yawancinsu kafin su cika shida an gama da su. Doki kuwa yana kai shekara 25 har 30. Wa zai ɗauki nauyin ingirici da hatsi da likita da mai gyaran kofato da mai duba haƙori na shekara ashirin, ga dabbar da ba za ta sake kawo kwabo ba? A Old Friends kuɗin daga ƙofa suke shigowa, da shagon tsaraba, da gudummawar jama'a, da abin da wasu masu dawakin ke haɗowa da shi in sun kawo nasu. Suna kuma sayar da takardar hannun jari a doki, dala 100, wadda ribarta kawai ka rataye a bango ka ce kana da kaso a wane. Sannan akwai Thoroughbred Aftercare Alliance, ƙungiyar da masu harkar suka kafa a 2012, tana tattara kuɗi daga cinikin dawaki da rajistarsu da filayen sukuwa, ta binciki gidaje irin wannan, ta raba wa waɗanda suka cika sharuɗɗa.

Abin da na fahimta shi ne, Silver Charm bai yi ritaya ba, sana'a ya canza. Shi da 'yan'uwansa masu suna su ne ke jawo motocin baƙi, kuɗin da aka biya don a shafa wuyansu shi ke cika kwanon wasu da yawa da ba su taɓa cin wata gasar a zo a gani ba, waɗanda ko sunansu babu mai tambaya. Dabarar ta burge ni, kuma ba a ɓoye ta ba.

Inda raina bai kwanta ba, ba laifin gidan ba ne. Harkar sukuwa a Amurka caca ce ke riƙe da ita, biliyoyin daloli ke zagayawa a shekara, ana haifar duƙushi sama da dubu goma sha biyar duk shekara, amma a ce abincin tsofaffinsu sai an haɗa da cinikin huluna da riguna a shagon tsaraba. Tun 2007 aka rufe mayankun dawaki a ƙasar, sai dai motoci ba su daina tsallakawa da su Meziko da Kanada ba. Gida ɗaya mai dawaki ɗari biyu da wani abu, a gaban wannan adadi, cokali ne ake kwashe kogi da shi. Kuma ni da ba na caca, na ɗan yi wasiwasi kafin in zo. Da na ga inda kuɗina za su, ciyawa da magani, sai hankalina ya kwanta.

Wanda ke zaune a Ohayo ko Kentaki ko Indiyana, ya je, dala 30 ɗin ba asara ba ce. Ya sa takalmin da ba ya jin tausayinsa, ya riƙe ruwan sha. In da dattijo mai ciwon gwiwa, a tambaya tun a waya yadda za a yi da shi, don Baffa sai da ya nemi wurin zama sau biyu. In aka ce wancan dokin yana cizo, a yarda.

A shagon tsaraba na ɗauko hula zan saya masa, ya ce in mayar. Ya zaro dala 20 daga cikin guzurinsa ya ce in ba matar, in gaya mata na harawa ne, kuma kada a ba farin, shi yana da masu ba shi. Mun hau hanya mun yi nisa shiru, har na ɗauka barci ya kwashe shi. Sai ya ce, "Ka tuna Akawal na Alhaji babba?" Na ce na tuna, ina ƙarami ake ɗora ni a kansa ranar hawan Bariki. Ya ce, "Shekara goma sha tara ya yi a turkenmu. Da ƙafarsa ta baya ta lalace, ni na ja ragamarsa zuwa kasuwa, dillalan da ke lodi zuwa kudu suka saya." Ya gyara zaman tabaransa, ya ce in rage gudu, yana son ganin goɗiyoyin can da ke kiwo a bakin shinge.