Fatsa a gaɓar tekun Namibiya: ɗan jagoran ya ci kuɗinsa

Duk wanda ya saba zama da fatsa a bakin dam ɗin Dadin Kowa yana jiran karfasa, in Allah ya hore masa, ya gwada Henties Bay a Namibiya. Ƙaramin gari ne, kimanin kilomita 70 arewa da garin Swakopmund, hamada a bayanka, tekun Atilantika a gabanka. Aiki ne ya kai ni ƙasar daga Gombe, sai na ɗauki wani ɗan jagora mai kai baƙi kamun kifi a gaɓa.

Kuɗinsa ya haɗa da mota, sanda da abincin kifi. Shi ya raka ni na yanki takardar izini, don can ba a jefa ƙugiya sai da ita.

Abin da ya burge ni shi ne idonsa. Da muka sauka daga titi ya rage iskar tayoyi, muka bi rairayi a hankali, yana ta duban ruwa. Inda kumfa ta yi fari fat sai ya wuce. Inda ruwa ya yi duhu a tsakanin igiyoyi, nan yake tsayawa, ya ce rami ne, nan kifi ke kiwo. Sandar ta kai mita 4, dalmarta da ƙafafun waya masu kama yashi. Sardin kuwa, wato abincin kifin, sai ya naɗe shi da zaren roba a jikin ƙugiya, don kada ya fice wajen jifa. Jifan ma sai da ya kama hannuna ya koya mini, bai ƙosa ba. Na samu kabeljou, kifi mai farin tsoka kamar giwan ruwanmu. Wani na kusa da mu ya jawo kifin shak, aka cire ƙugiya aka mayar da shi ruwa.

Ƙorafina sanyi ne. Ruwan Benguela, wato ruwan teku mai sanyi da ke bin gaɓar, daga kudu yake zuwa, ga hazo da iska tun safe, amma bai ce in zo da rigar sanyi ba. Yatsuna har suka ƙage. Wannan sakaci ne, na kuma faɗa masa.

Batun abinci, ka gaya masa tun farko cewa kai Musulmi ne. Ni kifin da na kama ya gasa mini, ya kuma dakata har na idar da Azahar a kan rairayi.