Na sayi fizan mai ruwan zinare, aka haɗo ni da macen wani jinsi

Masu kiwon tsuntsayen ado sun san mutumin nan da ke kawo dawisu da fizan (wani tsuntsu dangin kaza mai doguwar wutsiya), sun kuma san kuɗinsa ba na wasa ba ne. A wurinsa na sayi mace da namiji na fizan mai ruwan zinare. Ranar da suka iso ban ga abin kushewa ba. Keji tsaf, tsuntsaye lafiya lau, namijin kuwa sai wanda ya gani: tukku rawaya, ƙirji ja wur, ga gashin wuya ruwan lemo mai ratsin baƙi da yake bazawa in yana neman mace. Har abokaina na riƙa turawa wurinsa.

Sai da 'ya'yansu suka girma sannan asiri ya tonu. Namijin fizan ba ya cika adonsa sai a shekara ta biyu, to a lokacin ne na ga wuyan samarin ya fito da fari-fari, jan ƙirjin kuma ya cakuɗe da kore. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya leƙo, bai ko dubi 'ya'yan ba, ƙafar uwar ya ƙura wa ido. Ya ce, "Malam, ai wannan ba matarsa ba ce." Ƙafar macen mai ruwan zinare rawaya ce. Ta wannan kuwa ruwan toka ce mai ɗan shuɗi.

Dangin wannan fizan, wanda masana ke kira Chrysolophus, jinsi biyu ne kacal. Akwai pictus, mai ruwan zinaren, daga dazuzzukan tsaunukan ƙasar Sin. Akwai amherstiae, mai farin wuya da doguwar wutsiya, na kudu maso yammacin Sin da arewacin Myanmar, wanda ya ci sunan wata Baturiyar Ingila, Lady Amherst, da ta aika da samfurinsa Landan a 1828. Macen da aka sayar mini ta wannan jinsi na biyun ce. Matansu sun yi kama sosai, kuma jinsunan biyu suna barbara har 'ya'yan su ma su hayayyafa. Mai saya zai iya ruɗewa, amma wanda sana'arsa ke nan ba shi da wannan uzurin.

Da na kira wanda ya sayar mini, buɗar bakinsa sai ya ce ai duk fizan ne. Wallahi wannan maganar ta fi asarar yi mini ciwo. Hatsi, magani, rumfar da na kafa don kada rana ta koɗe musu gashi, duk a kan tsuntsayen da babu mai kiwo na gaskiya da zai taya.

Namijin dai na ƙwarai ne, ba zan ci haƙƙin mutumin ba. Amma yanzu nake tuna yadda ya so ya tura mini wani rawaya zalla da ƙarin kuɗi, wai jinsi na uku ne. Shi ma pictus ɗin ne, launi kawai ya sauya a hannun masu kiwo. Na kira abokan da na tura na ce kowa ya je ya duba ƙafar tasa macen.